Baƙunci A Birnin London

Ku 'yan makaranta, kun sha ganin sunan London a littafin labarin ƙasa, wataƙila ma a cikinku akwai wanda Allah zai kai shi can neman ilmi. Don haka muka ga ya kamata mu ba ku labarin abin da ya same mu, kada in kun je ku kwana da irin yunwar da muka kwana da ita.

Mu mutanen Gwarzo ne. A ƙasarmu, ko a Kabo dare ya yi wa mutum, ba shi da wata fargaba. Sai ya yi sallama a zauren mai unguwa, a kawo masa ruwa, a shimfiɗa masa tabarma, kafin lisha tuwo ya fito daga gida biyu ko uku, ba mai tambayarsa ko anini. Da wannan sabo muka sauka London. Ashe can babu zaure. Kowane gida ƙofarsa a rufe ta ke, masauki kuwa na haya ne, kowane kwana da kuɗinsa. Ɗakin da aka ba mu, in mutum ya miƙe hannuwansa ya kusa taɓa bango da bango.

Da gari ya waye uwargidan masaukin ta kawo mana ƙwai da wake, da wani jan nama yankakke siriri, sai ƙamshi ya ke yi. Har mun kai hannu, sai zuciya ta ce mu tambaya. Ta ce naman alade ne. Muka janye hannu, ga shi kuwa mun riga mun biya kuɗinsa tare da na ɗaki. Ba mu ga laifinta ba, gama abincin gidansu ta ba mu, a ganinta ta girmama baƙo. Amma tun daga ran nan tsoro ya kama mu, muka kwana uku ba mu ci kome ba sai burodi da shayi.

Ran Jumma'a muka shiga jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, wanda aka fara tun 1863, muka nufi babban masallacin da ke gefen lambun Regent's Park. Sarkin Ingila George na Shida ya buɗe cibiyar Musulmi a wurin cikin 1944, masallacin kansa kuwa sai 1977 aka gama shi. Da aka sallame, muna neman takalmi, sai muka ji Hausa a bayanmu. Wani dattijo ne. Ya dube mu sau ɗaya ya ce, "Samari, yaushe rabonku da abinci?" Da ɗan gari akan ci gari. Ya ja mu da ƙafa zuwa hanyar Edgware, inda Larabawa ke da gidajen abinci, muka ci shinkafa da naman rago har muka yi gumi cikin sanyin nan. Sa'an nan ya kwatanta mana Whitechapel, unguwar mutanen Bangladesh, inda akwai wani babban masallaci da mahauta Musulmi, da kuma Peckham, kudu da kogin Tems, inda 'yan Nijeriya ke sayar da doya da manja da tsire. Tuwo da miyar kuka dai, a gidan dattijon nan kaɗai muka same su.

Ruwan famfonsu kuwa, ku sha ba shakka. Amma in kun ga gida a kan kwana an ƙawata shi da furanni, mutane na ta shiga da fara'a, kada ku zaci gidan biki ne, galibi gidan giya ne.

Wuraren kallo ba su ƙirguwa. Sarkin Musulmi Hasan, da Sarkin Kano Abdullahi Bayero, da Sarkin Gwandu Usman sun riga mu gani tun 1934. Mun ji ƙarar Big Ben, ƙararrawar da ta fi tan 13, mun kuma ga hankakin tsohuwar ganuwar Tower, baƙaƙe wuluk, babu farin ƙirji irin na namu. Gidan kayan tarihi na British Museum shigarsa kyauta ne. A ciki muka tarad da tagullar Bini da sojan Ingila suka kwaso cikin 1897. Muka daɗe tsaye, muna sha'awar aikin maƙeran, ranmu kuwa ba daɗi, da ya ke sai da muka ƙetare teku kana muka ga kayan ƙasarmu a bayan gilashi.

Inda ya fi burge mu shi ne Greenwich, wurin layin nan da aka yarda cikin 1884 a riƙa auna gabas da yamma daga gare shi, wanda malaminku ke nuna muku a taswira. Muka sa ƙafa ɗaya gabas, ɗaya yamma. Daga nan Gwarzo wajen digiri 8 ta ke gabas. Watan Disamba ne, ƙarfe huɗu ba ta cika ba rana ta faɗi. Muka lissafa, muka ga a gida biyar saura, lokacin da mata ke ɗora tukunyar tuwo.