Daga tudun Karakara zuwa Bagazam: yaya ake auna wuyar dutse?

Ƙasar Karakara, arewa da Gaya cikin jihar Doso, ba ƙasar manyan duwatsu ba ce. Kwarin Dallol Mawri ne da giginyoyinsa, sai tuddan marmara da suka yi masa iyaka. Duk da haka mai jakin da ke fitowa daga kwari zuwa fako yana da ma'auninsa: akwai hawan da jaki ke yi da kaya, akwai wanda sai an sauke masa, akwai kuma wanda mutum kansa sai ya dafa da hannu.

Irin wannan lissafi ne Turawa masu wasan hawan dutse suka sa wa lamba. Cikin shekarun 1920 wani Bajamushe, Willo Welzenbach, ya kasa wuyar hawa mataki 6. Faransawa sun ƙara da haruffa: F mai sauƙi, sai PD, AD, D, TD, har ED mai matsananciyar wuya. Harafi yana duba hanyar baki ɗaya, wato nisanta, ingancin dutsen, da ko mutum zai iya juyowa in abu ya ɓaci. Lamba kuwa wuyar kama dutsen da hannu da ƙafa take faɗi. A 2017 Adam Ondra, ɗan ƙasar Cek, ya hau wata hanya a Norwe ya ba ta 9c.

Babu sikeli a nan. Wanda ya fara hawa shi ke yanka lamba, na baya su yarda ko su rage. Ƴan kasuwa ba za su ga baƙon abu a ciki ba.

Tsayi dai ba shi ne wuya ba. Bagazam na ƙasar Abzin, inda ƙololuwar Nijar take da mita 2.022, da ƙafa ake hawansa, har akwai ƙauyuka da garake a bisansa. Hannun Fatima na kusa da Hombori a Mali bai kai shi tsayi ba, amma sai da igiya.

Lambobin nan kuma don busasshen dutse aka yi su. Marmarar Karakara ba ta da riƙon dutsen Kufena na Zariya: in ta sha ruwan Agusta sai tsakuwa ta zame ƙarƙashin kofato, hawan da jaki ya yi da buhu biyu da rani ya koma na sauke kaya.