Masauki a Kan Dutsen Mambila

Duk wanda Allah Ya ƙaddara masa yin rabin rayuwarsa a kan hanya, ko aikin hukuma ne ya raba shi da gida, ko fatauci, ko neman ilmi, lalle ba zai rasa sanin cewa sha'anin masauki a babban birni dabam yake da na ƙaramin gari mai nisa da ke bisa duwatsu ba. A birni kuɗinka ne ke zaɓar maka ɗaki, in bai yi maka ba ka saɓi jakarka ka tsallaka titi ka sami wani, ba wanda ya san shigarka balle fitarka. Amma a gari irin Gembu ko Nguroje, inda masaukan ba su da yawa, inda kuma labarin baƙo kan riga shi isa kasuwa, wurin da mutum ya sauke kayansa a daren farko shi ke yanke irin barcin da zai yi, da irin ruwan da zai sha, da kuma abin da ya fi waɗannan nauyi, wato irin idon da mutanen gari za su dube shi da shi har ranar da zai yi sallama.

Aikin allurar shanu ne ya sanar da ni wannan ƙasa, tun tana cikin Jihar Gongola, kafin a yanki Jihar Taraba a 1991, musamman a shekarar 1983 da annobar bushiya ta auka wa garkunan Arewa, hukuma ta watsa malaman dabbobi ko'ina da ko'ina. Mai zuwa daga Jalingo sai ya bi ta Bali da Serti har ya kai Mayo Selbe a gindin dutse, daga nan mota ta kama hawa tana kwana-kwana a gefen rami mai sa mutum ya sabunta shahada, ba za ta numfasa ba sai wajen Maisamari, inda ƙasa kan buɗe ka ga tuddai masu ciyawa iyakar ganinka. Tsayin wurin ya kai kimanin mita 1,600, kuma ta wajen iyakar Kamaru akwai Chappal Waddi mai mita 2,419, wanda babu dutsen da ya kai shi tsawo a Nijeriya. Wannan tsayi shi ya hana ƙudan tsando zama, shi ya jawo Fulani da dukiyarsu, shi ya sa ganyen shayi ya karɓi ƙasar Kakara, shi ne kuma ke kawo sanyin da mutumin Kano ko Katsina bai taɓa jin irinsa ba. Ƙasa ce da ta shigo Nijeriya ta hanyar ƙuri'ar raba gardama ta 1961, aka sa ta cikin Lardin Sardauna, har yau kuwa sunan da ƙaramar hukumarta ke amsawa ke nan. Ta tara Mambila da Fulani da Kaka da Hausawa da wasunsu, kowa da unguwarsa, kowa da shugabansa, ana ciniki da Fulatanci da Hausa.

Tambayar farko da ta wajaba baƙo ya yi wa kansa ita ce wadda malaman fiƙihu suka riga suka yi masa: musafiri ne shi ko muƙimi? A mazhabar Imamu Malik, matafiyi yana ƙasaru matuƙar bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba, da zarar ya ƙulla wannan niyya kuwa sai ya cika sallarsa kamar ɗan gari. Na ga wannan iyaka ta yi daidai da sha'anin masauki. Mai kwana ɗaya ko biyu, wanda gobe zai sauka dutse, maslaharsa ya kwana kusa da tasha, ya haƙura da hayaniyar direbobi da kuɗin cizo da ƙarar injin wuta, domin motar sauka da sassafe take cika, wanda ya makara kuwa ya yi asarar yini. Wannan bai buƙaci dogon bayani ba. Maganata a kan muƙimi ce, wanda zai yi mako ko wata ko shekara.

Shi muƙimi abin da ke fara ruɗinsa shi ne kyan gani. Gidajen saukar baƙi irin na hukuma, bisa ɗabi'ar da aka gada daga Turawa, a kan tudu aka fi gina su, nesa da jama'a, inda in ka tsaya a baranda za ka hango kwaruruka da shanu da girgije yana rarrafe a ƙarƙashinka, kai ka ce ba a duniya kake ba. To amma ƙwanƙolin tudu gidan iska ne, da hunturu tana shiga ta ƙarƙashin ƙofa ta ratsa bargo biyu, ruwa kuwa sai an hauro da shi daga ƙorama a ka, abinci sai an aika cikin gari, kuma masallaci ya yi nisan da in an kira Assalatu cikin hazo da duhu, sai mai ƙarfin imani ƙwarai ke fita. Wanda ya guje wa tudu ya gangara can cikin kwari don kusa da ruwa, shi ma bai tsira ba, saboda iska mai sanyi nauyi gare ta, da dare takan gangaro ta kwanta a kwari, ta bar hazo da raɓa har rana ta yi sama, tufafi ba su bushewa, tabarma tana yin fumfuna. Ga damina mai tsawo, wadda kan ci fiye da rabin shekara, ga jar laka mai santsi da ke mai da 'yar gajeriyar gangara abin fargaba. Saboda haka na lura tsofaffin gidaje masu daɗin zama yawanci a tsakiyar gangare suke, tudu ya kare musu iska, kwari yana ƙasa da su. In ka sami irin wannan, to ka duba abu guda kafin ka amince: ina masai yake, ina rijiya take. In masai ne a sama rijiya a ƙasa, ka yi godiya ka wuce.

A wani gari daga cikin garuruwan dutsen an kai ni wurin wani dattijo Bahaushe, mahauci, wanda iyayensa suka hau can tun yana goye. Bayan mun gaisa, an kawo ruwan zafi da shayi, sai ya tashi da kansa ya nuna mini ɗakuna biyu. Ɗaya sabo ne fil, daɓen siminti, rufin kwano, da taga mai gilashi. Ɗayan tsohon ginin ƙasa ne, gajere, bangonsa ya yi baƙi, yana jingine da madafar matan gida. Ya ce, "Malam, wancan na manyan baƙi ne masu zuwa da rana su koma. Kai da za ka daɗe da mu, ga naka nan." Ya kama hannuna ya ɗora a jikin bangon, na ji shi da ɗumi, alhali tun la'asar aka sauke tukunya. Ya ƙara da cewa, "Kwano da dare gumi yake yi, asuba ta yi ya ɗiga maka a fuska. In kuma ruwa ya sauko, ko karatunka ba za ka ji ba." Kowace safiya kafin kiran salla, yaro kan ajiye mini buta da ruwan ɗumi a bakin ƙofa, wanda ba don shi ba da sai in riƙa neman rangwamen taimama, don ruwan randa a can cikin watan Janairu yakan sa yatsu su ƙage.

A gidan nan ne kuma na ga wata ƙa'ida da nake roƙon kowane mai hawa dutse ya riƙe ta kamar farilla. Bayan Isha'i akan kawo kaskon garwashi ɗaki ya yi ɗumi, amma da an ga fitila za ta mutu sai yaron ya dawo ya ce, "Baba ya ce a fitar da wuta." Gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba wadda ba a ganinta, ba a jin warinta, tana sa nauyin kai da barci, mai barcin kuwa ba ya farkawa. Baƙo da ya kama ɗaki shi kaɗai a masaukin kuɗi, sanyi ya dame shi, ya toshe taga da tsumma ya jawo kasko kusa da gado, babu mai ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Wannan ya kawo ni ga abin da na ce ya fi nauyi. Magabata sun ce a nemi maƙwabci kafin gida, kuma fataken da, masu kai goro da kanwa, ba su san wani abu wai shi zaɓen ɗaki ba, fatoma suke zaɓa, wanda zai adana musu kaya, ya haɗa su da masu saye, ya tsaya musu in magana ta tashi. A ƙaramin gari har gobe haka abin yake, sai dai da wani sharaɗi da matasa ba su cika lura da shi ba: ranar da ka sauka gidan mutum, ka gaji abokansa, ka kuma gaji abokan gabarsa, ba tare da an shawarce ka ba. Malamin dabbobi da ya sauka gidan attajiri mai garke goma, ƙananan makiyaya za su ce na masu kuɗi ne, su yi jinkirin kawo nasu shanun. Malamin makaranta da ya sauka gidan mai neman sarauta, rabin iyayen yara sun riga sun yanke masa hukunci. A ƙasar da gardamar gona da makiyaya ta daɗe, har ta kai ga zubar da jini kamar yadda aka gani a 2017, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Shi ya sa nake ganin hikima ce mutum ya fara kai gaisuwa wurin Jauro ko Sarkin Hausawa, ya faɗi abin da ya kawo shi, ya bari su ce ga inda zai sauka. In kuwa zaɓi ya rage gare shi, to gidan limami ko na wani dattijo wanda ba ya neman kome a wurin kowa ya fi gidan mai dukiya aminci, ko da tuwonsa bai kai na wancan mai ba.

Sa'an nan a tuna liyafa tana da iyaka. Ya tabbata a hadisi cewa haƙƙin baƙo kwana uku ne, abin da ya ƙaru a kai sadaka ce, kuma an hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa. Mutanen dutse suna da kunya, ba za su ce maka ka yi nauyi ba, amma itacen turaren da ake ƙona maka saye ake yi ko a ka ake ɗauko shi, masarar kuma ƙidayayya ce har kaka. Wanda zai daɗe, in kwana ukun sun cika, sai ya roƙi maigida ya nema masa ɗakin haya a cikin unguwa, da bakinsa da sunansa, ta haka ya sauke masa nauyi bai kuma fita daga inuwarsa ba. Kada ya ƙirga kuɗi ya miƙa wa dattijo a hannu, wannan cin fuska ne. Ya sayo sukari da sabulu da man gyaɗa da goro ranar kasuwa ya aika cikin gida, ya ɗinka wa yaron buta riga.

Yanzu jikokinmu da ake turawa hidimar ƙasa ko aikin asibiti sukan nuna mini hoton ɗaki a waya, su ce sun riga sun kama tun suna gida, har sun biya kuɗin wata shida. Ba na musun cewa zamani ya kawo sauƙi, kuma tambayar da sukan yi, ko waya tana kamawa a wurin, ko akwai wutar sola, tambaya ce mai kyau wadda mu ba mu san ta ba. Abin da nakan ce musu shi ne kada su biya fiye da na kwana uku kafin su gani da idonsu, su bari Juma'a ta same su a garin, su ga wanda ake tashi a gaisar in an sallame. In kuma da rani suka hau, sa'ad da ko'ina ya bushe ya yi kyau, su durƙusa su dubi gindin bango daga ciki, domin ruwan daminar bara yakan bar zanensa a nan, sa'an nan su tambayi mai tallan ƙosai na bakin hanya ko mashin yana iya shigowa layin a watan Agusta.