Ciniki daban, riba daban

Mai karatu, musamman kai ɗalibi da ke ɗaliba, masu jiran a gama makaranta ku faɗa harkar fim ko rubutun littafi, yau hirar tamu ta kuɗi ce. Na san wasu za su ce, to mu da basira ta kawo mu, ina ruwanmu da lissafi? Ai kuwa da ruwanku, domin ban taɓa ganin basirar da ta biya kuɗin hayar kyamara ko na mai ɗab'i ba.

Abu na farko da nake so ka riƙe shi ne, uwar kuɗi daban, ciniki daban, riba kuma daban. Bari mu yi misali. Ka buga littafinka kwafi 1,000 a kan naira 400,000, wato kowane kwafi ya tsaya maka a 400. Ka ba ɗan kasuwa sari a 600. In aka sayar da kwafi 500, za a miƙo maka naira 300,000 cif, ka ji aljihu ya yi nauyi, abokai su fara kiranka Alhaji. Alhali kuwa har yanzu da saura 100,000 kafin jarinka ya dawo. Sai an sayar da kwafi 667 sannan ka fara shaƙar ƙamshin riba. In ka ci wannan 300,000 ɗin a ɗinki da sabuwar waya, jarinka ka ci, kuma littafi na biyu ba zai fito ba.

Tun daga 1990 da Turmin Danya ya fito a Kano, wannan lissafin ne ya raba waɗanda suka daɗe a industiri da waɗanda suka yi fim ɗaya suka ɓace. A zamanin kaset, furodusa kan buga kwalaye ya kai wa 'yan kasuwa a Bata ko Ƙofar Wambai, su kuma su kwafi fim ɗin su sayar, sai abin da ya shiga ake biyansa. Sauran kwalayen su zama kwantai. Ga jiran bashi, ga masu satar fasaha sun cika gari da nasu kwafin. Sau da yawa fim ya yi suna a kowane gida, amma mai shi yana neman na mai.

Darasi na biyu, kasuwa ba ta da alƙawari. Da Sangaya ya yi fice, kowa ya tsunduma waƙa da rawa, har kaya suka fi masu saye yawa. Kaset ya tafi, sidi ya zo, shi ma ya tafi. Arewa24 ta buɗe a 2014, sannan YouTube da finafinai masu dogon zango suka karɓe fili, marubuta da dama kuma suka koma sayar da labari ta waya. Don haka kafin ka zuba ko sisi, ka tambayi kanka: wa zai saya, a nawa, kuma ta wace hanya kuɗin zai iso hannuna?

Na uku, a rubuta. Ko da yayanka ne furodusan, ko aminiyarki ce mai shagon, a sa komai a takarda da shaidu: nawa ne ladan aiki, yaushe za a biya, wa ke da haƙƙin mallaka. Wannan ba rashin yarda ba ne. Ka tuna aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take magana. Kunyar minti biyar ta fi gabar shekara goma sauƙi.

Shawarata, ka sayi littafin rubutu ɗaya tun yau, shafin dama abin da ya shigo, na hagu abin da ya fita, ko da kuɗin makarantarka ne kawai. Wanda bai iya riƙe dubu ɗaya ba, miliyan ma zubewa za ta yi. Allah Ya sa mu dace, amin.