Haushin Duna

Cikin hunturu na koma Darini saboda jikin Inna. Hawan jini ya matsa mata, ta kuma ƙi biyo ni Kano, wai ba za ta bar ɗakin da ta haife mu ba. Aikina haɗa manhajar kwamfuta ne, in dai akwai sola da ɗan sabis, ko'ina ofis ne. Na ɗauka intanet ce za ta wahalar da ni. Ashe Duna ne.

Duna baƙin kare ne na maƙwabcinmu, wanda darni ɗaya ya raba gidanmu da nasa. Ba ƙanin Inna ba ne, amma tun muna yara Kawu muke ce masa. Da an idar da lisha sai karen nan ya buɗe baki. Ya yi, ya huta, ya sake, har kiran assalatu.

A Kano in kare ya dame ka, barci kawai ka rasa. A nan kuwa Dajin Rugu na bayanmu, kuma babu wanda ya manta da Tsauwa da Dankar, inda 'yan bindiga suka kashe mutum 30 a watan Fabrairun 2020. Don haka duk sanda Duna ya yi haushi, sai in ji Inna ta zabura tana lalubar mayafi. Matar ƙanena ta suri jariri ta goya, ta tsaya bakin ƙofa tana kasa kunne. Sau uku, sau huɗu a dare ɗaya. Da safe in na gwada jinin Inna, sai gabana ya faɗi.

A majalisa wani saurayi ya ce mini, "Yaya, wannan ai ba abin damuwa ba ne. Loma ɗaya ta tuwo da maganin ɓera, shi ke nan." Ban amsa ba, amma ban tsawata masa ba. Har yau ina jin kunyar wannan shirun.

Na tafi wurin liman, ina fatan ya ba ni hujjar da zan ɗora wa Kawu. Na ce ai mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da kare. Ya ce hadisi ne ingantacce, amma an yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona. Sannan ya ce an ruwaito cewa Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, wadda muka karanta a zaure, ya ajiye kare a gidansa lokacin tsoro. Da aka tuna masa Imamu Malik ya ƙyamaci haka, sai ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. Liman ya ƙara da cewa ko gwamnatin jiha, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, sai da ta yi maganar kai karnuka makarantun kwana. "Amma fa barcin mahaifiyarka haƙƙi ne a kansa," in ji shi. "Ka je ka same shi, kada ka aika."

Kafin in je, na yi abin da na iya. A aikinmu mun san ƙararrawar da ke bugawa kan komai ta fi rashin ƙararrawa haɗari, domin ƙarshenta mutane su daina kula ta. Na riga na ga alama: ƙanena ya fara juyawa ya ci gaba da minshari. Sai na samu littafi, dare goma ina rubuta lokacin kowane haushi da abin da ya jawo shi. Jaki ya motsa. Akuya ta tsinke. Iska ta buga kwanon rufi. Na kuma lura dare da rana yana ɗaure a ƙofar gida da guntuwar igiya, haƙarƙarinsa duk a waje.

Na tarar da Kawu a zaure yana tufkar igiya. Na durƙusa muka gaisa, muka taɓa zancen sanyi da tsadar masara, sannan na ce, "Kawu, na zo neman alfarma ne a wurinku, kan Duna. Jikin Inna ne."

Ya daɗe bai ɗago ba. "Na sani, ɗana. Ina jin tarinta duk sanda ya tashe ta." Ya ajiye igiyar. "Karen yayanka ne."

Babban ɗansa yake nufi, wanda aka harbe a gona daminar bara. Ina Kano lokacin, ta waya na yi ta'aziyya.

"In na sake shi, gona yake tafiya ya kwanta inda aka ɗauko gawar. Sai na aika yara su jawo shi, gonar kuma yanzu ba wurin aiken yara ba ce. Shi ya sa na ɗaure. Abinci kuwa, mu ma sau ɗaya muke ɗora tukunya."

Littafin nan yana aljihuna, ban fito da shi ba. Dare goma ina ƙirga haushin kare, ban taɓa tambayar me ya sa aka ɗaure shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Muka yi shawara. Aka mayar da shi bayan gida kusa da turken awaki, inda ba ya ganin duk mai wucewa, aka ƙara masa tsawon igiya. Da la'asar jikokin Kawu su zaga da shi bakin gari su dawo. Da na faɗa wa Inna, ba ta ce komai ba, amma daga ranar take ƙara hannu a garin tuwo, ta miƙa kwano ta saman darni bayan magariba.

Haushin bai ƙare ba, ya dai ragu ƙwarai. Da ya ragu ne na gane ashe ba iri ɗaya ba ne. Inna ce ta koya mini: na dabba gajere ne, a tsinke, na kaɗaici yana da ja kamar kuka, na baƙon mutum kuwa da gurnani yake farawa, kuma ba ya yankewa.

Wani dare, wajen ƙarfe biyu, ta taɓa ƙafata. "Tashi. Wannan ba na jaki ba ne." Muka fita ta baya, mu da iyalin Kawu, muka lafe a kwazazzabo har gari ya waye. Ba su shigo ba. Da safe aka ga sawun babura da na shanu sun ratsa ta yamma da gari.

Da muka dawo, Inna ba ta ko zauna ba ta hura wuta ta ɗumama sauran tuwo. Kwanon farko ta miƙa ta saman darni.