Bawul na Ƙarfe Ko Na Nama: Yadda Na Zaɓa

Aikina koyar da wasannin motsa jiki ne a wata makarantar sakandare a Zariya, kuma tun ina yaro ban iya zama wuri ɗaya ba. Da yamma ƙwallo, ranar Asabar in hau keke har Giwa in dawo, da Sallah kuma ina cikin mahayan gidanmu. Saboda haka da na fara haki a filin wasa a farkon 2018, ina da shekara 42, kowa ya ce girma ne ya fara zuwa. Amma girma ba ya hana mutum kwanciya sai ya tara matasai, ba ya kuma sa ka ji zuciyarka tana dukan haƙarƙari da tsakar dare.

Likitan zuciya ya ɗauki hoton eko, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko na yi fama da ciwon maƙogwaro da kumburin gaɓoɓi ina ƙarami. Inna ce ta tuna. Ta ce na taɓa kwanciya da zazzaɓi, gwiwa ta kumbura, yau wannan gobe waccan, aka ce sanyin ƙashi ne aka yi ta ba ni jiƙe-jiƙe. A nan ciwon ya samo asali. Wata ƙwayar cuta ce take kama maƙogwaron yaro, idan ba a kashe ta da fenisilin ba, garkuwar jiki sai ta ruɗe ta far wa bawul ɗin zuciya, ɓarnar kuma ba ta bayyana sai bayan shekaru. Zuciya tana da bawul huɗu. Nawa da ya lalace shi ne wanda ke bakin babbar jijiyar da take kai jini ga dukkan jiki. Ba ya rufuwa sosai, jinin da aka tura sai ya koma baya, zuciya ta yi ta aiki biyu har ta fara buɗewa. Magani ba ya gyara wannan, sai tiyata.

Abin da ya fara zuwa raina shi ne Nwankwo Kanu. Duk wanda ya kalli wasan Atlanta na 1996, da Kanu ya farke wa Najeriya a ƙarshen wasa da Brazil sannan ya ci ƙwallon da ta kai mu wasan ƙarshe, ya san abin da ya biyo baya: likitocin Inter Milan sun gano matsala a wannan bawul ɗin, aka yi masa aiki a Cleveland ta Amurka, ya dawo fili, ya koma Arsenal, ya sake zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1999. Na faɗa wa likita wannan da ƙarfin gwiwa. Ya ce, "Malam, gaskiya ne. Amma zauna mu yi maganar taka zuciyar da taka rayuwar."

Zaɓi biyu ya shimfiɗa mini. Na farko shi ne wanda muke kira na ƙarfe, ko da yake ganyayensa biyu da wani nau'in kabon mai tauri ake yin su. Wannan iri ya yi nisa tun daga wanda Albert Starr ya fara dasa wa mutum a 1960, kuma galibi ba ya gajiya har ƙarshen rayuwar mai shi. Sharaɗinsa shi ne jini yana son daskarewa a jikinsa, don haka sai an sha wafarin, maganin tsinka jini, kullum har abada, tare da gwajin jini a kai a kai. Mai shan wafarin kuwa idan ya bugu a ka, jini na iya tsiyaya a cikin ƙwaƙwalwa. Ka ga ke nan babu ƙwallon gumurzu, babu sukuwa. Na biyu shi ne na nama, wanda ake yi da tantanin da ke lulluɓe zuciyar saniya ko da bawul ɗin alade. Shi yawanci ba ya buƙatar wafarin na dindindin, mutum yana iya komawa kusan duk abin da ya saba. Amma yana tsufa. Yakan kai shekara goma zuwa ashirin, kuma a jikin mai ƙuruciya ya fi saurin lalacewa. Shi ya sa likitoci suka fi karkata ga na ƙarfe ga wanda bai kai hamsin ba, na nama kuma ga wanda ya haura 65.

Batun alade ya tayar da hankalin gida, sai dai bai daɗe ba. Malamin da na tambaya ya ce larura tana da hukuncinta, sannan ga na saniya nan, babu abin damuwa.

Zuciyata tana wajen na nama, ba zan ɓoye ba. Ina son dokina, ina son fili. Yayana ne ya yi tambayar da ta tsayar da ni. Shi ya sayar da filinsa, shi ya bi dangi da abokan aikina aka haɗa miliyoyin da za su kai ni Indiya. Ya ce, "In na naman ya gaji kana da shekara hamsin da 'yan kai, wane filin za mu sayar?" Ba don ya yi mini gori ya faɗa ba, lissafi ne na gaskiya. Tiyata ta biyu ta fi ta farko haɗari, domin ƙirji ya riga ya yi tabo a ciki. Akwai hanyar zura sabon bawul ta jijiyar cinya ba tare da buɗe ƙirji ba, wadda Alain Cribier ya fara a Faransa a 2002, amma tsadarta ba ta malamin makaranta ba ce. Akwai kuma Cibiyar Salam da ke Khartoum, wadda ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007 tana tiyatar zuciya kyauta, sai dai masu jira suna da yawa, ba za ka gina rayuwarka a kan za a sake samun gurbi ba. A ɗaya ɓangaren, ina zaune a garin da ke da asibitin koyarwa da ɗakunan gwaji, gwajin jini ba zai gagare ni ba. Da a ƙauye nake, nesa da kwalta, da lissafin ya juya. Haka ma wata matashiya 'yar Sudan da muka haɗu a asibiti: na nama ta zaɓa, domin tana son haihuwa, wafarin kuma yana cutar da ɗan tayi. Ta yi daidai, ni ma da na zaɓi na ƙarfe na yi daidai.

Tiyatar kanta ba ni da labarinta, barci nake. An tsaga ƙashin ƙirji, na'ura ta karɓi aikin zuciya da huhu, aka yanke tsohon bawul aka ɗinka sabo, aka ɗaure ƙashin da waya. Abin da na fara ji bayan an cire bututun maƙogwaro shi ne ƙas-ƙas-ƙas a ƙirjina, kamar agogon hannu. Maiɗakina ma tana ji idan ɗaki ya yi shiru. Da farko ya hana ni barci, daga baya kunne ya saba.

Jinya ce ta fi ba ni wuya, kuma ina ganin ta fi wahalar da mai motsi a kan wanda ya saba zama. Ba a bar ni na kwanta ba, tun a asibiti ake tayar da ni in taka. Tari sai na rungume matashi. Ƙashin ƙirji yana buƙatar mako shida zuwa takwas kafin ya haɗe, a wannan lokacin babu ɗaukar abin da ya fi kilo biyar, babu tuƙi, babu hawan babur, salla ma a kan kujera. Ni da nake zagaye fili sau da yawa da ɗalibai, sai ga shi daga ƙofar gida zuwa masallaci sai na tsaya hutawa. Wani ƙunci ya sauko mini wanda ba wanda ya gargaɗe ni da shi, wasu ranakun ba na son magana da kowa. Likita ya ce hakan yana samun mutane da yawa bayan tiyatar zuciya. Abin da ya fitar da ni tafiya ce bayan asuba, kullum in ƙara kaɗan, sai kuma ɗalibaina da suka riƙa zuwa rakiya. Bayan kamar wata uku aka ɗora ni a injin gudu ana duba bugun zuciya, aka ce in ci gaba.

Yanzu ina sassarfa, ina hawan keke da hular kwano a hanyar da ba manyan motoci, kuma numfashina ya fi na shekarun da suka gabaci aikin. A fili na koma alƙalin wasa. Dokin na ba ɗan yayana, ni nake ɗaura masa sirdi ranar hawa, ni nake koya masa zama. Rashin sukuwa yana yi mini ciwo har yau, musamman idan na ji tambari.

Zama da wafarin kuwa ilimi ne mai zaman kansa. Gwajin ana kiransa INR, nawa ana son ya tsaya tsakanin 2 da 3. Ya yi ƙasa, jini ya daskare a bawul. Ya yi sama, dasashi da hanci su fara jini. Ganye yana ɗauke da bitamin K wanda ke rage ƙarfin maganin, mu kuma abincinmu zogale ne da alayyafo da rama. Ba a hana ni ci ba, an dai ce kada in yi mako ban taɓa ba sannan in cika kwano da kwaɗo. Da damina, da azumi, lokutan da cimar gida take sauyawa, nakan ƙara yawan gwaji. Ba na karɓar maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac a kyamis, Flagyl da Septrin ma sai da sanin likita, domin suna ƙara wa wafarin ƙarfi. Na yi sallama da ƙaho da tsagar wanzami, kuma kafin a taɓa haƙorina sai na faɗi abin da ke ƙirjina, saboda ƙwayar cuta daga baki tana iya sauka a kan bawul.

Kai wanda likita ya ajiye wa wannan zaɓi a gaba, kafin ka amsa, je ka gano inda ake gwajin INR mafi kusa da gidanka da kuɗinsa, sannan ka zauna da waɗanda za su ɗauki nauyin tiyata ta biyu idan ta zo. Ka kuma faɗa wa likitan duk wasan da kake yi da sunansa, ka nemi ya gaya maka wanda za ka koma da wanda za ka bari.