Wanzami Ba Ya Son Jarfa: Tsokaci a Kan Dokar Auna Ingancin Asibitoci a Amurka

Wanda ya shiga kasuwa awon hatsi yana da idon duba mudu. In an tauye ya gani, in an yi algus hannunsa ya ji. Majinyaci ba shi da wannan gata. Za a kwantar da shi, a ba shi maganin barci, ya farka ko kada ya farka, kuma idan abin ya ɓaci da wuya danginsa su iya bambance ƙarar kwana da sakacin likita. Wannan giɓi ne ya sa wasu jihohin Amurka suka wajabta wa asibitoci manya da ƙanana miƙa wa hukuma alƙaluman sakamakon aikinsu: mutum nawa aka yi wa aiki, nawa suka tashi, nawa suka cika. Daga nan hukuma ta tace, ta buga, kowa ya gani.

Tunanin ba sabo ba ne. A farkon ƙarnin da ya gabata, wani likitan tiyata a birnin Bostan mai suna Ernest Codman ya riƙa ajiye wa kowane majinyacinsa kati, yana bin sawunsa har shekara guda don ya ga ƙarshen aikin da ya yi masa. Daga majinyata 337 da suka bi ta ƙaramin asibitinsa tsakanin 1911 da 1916, ya lissafa kurakurai 123, ya buga su da hannunsa, ya kuma nemi sauran likitoci su yi koyi. Abokan sana'arsa suka juya masa baya. Dama an ce wanzami ba ya son jarfa. Abin da Codman ya roƙa a yi don raɗin kai, sai bayan shekara saba'in da ɗoriya doka ta tilasta shi.

Jihar Niyok ce ta zama zakaran gwajin dafi. A 1989 Ma'aikatar Lafiya ta jihar, ƙarƙashin kwamishinanta David Axelrod, ta fara tattara bayanai kan tiyatar da ake yi wa wanda jijiyoyin zuciyarsa suka toshe, inda ake ɗauko jijiya daga ƙafa ko ƙirji a yi wa jini sabuwar hanya. A 1990 aka fitar da sakamakon asibiti bayan asibiti. Jaridar Newsday ta garzaya kotu tana neman sunayen likitocin su kansu, ta yi nasara, aka buga su a 1991. Domin kada a zalunci wanda ke karɓar masu ciwo mai tsanani, ma'aikatar ba ta tsaya ga ƙirga gawa kawai ba. Takan duba shekarun majinyaci, da ƙarfin zuciyarsa, da sauran cututtukan da ya zo da su, ta ƙiyasta mace-macen da ake tsammani, sa'annan ta gwada da abin da ya auku.

Alherin da aka gani ba kaɗan ba ne. Tsakanin 1989 da 1992, mace-mace a wannan tiyata, bayan an daidaita lissafi da nauyin ciwo, sun ragu da kashi 41 cikin 100. Likitoci 27 da ba sa yin aikin a kai a kai suka daina yin sa a jihar. Asibitin St. Peter's da ke Albani, da alƙaluma suka nuna shi a baya, ya koma ya bi takardunsa ɗaya bayan ɗaya, sai ya tarar matsalarsa tana ga waɗanda ake kawowa a gaggauce: ana shiga da su ɗakin tiyata kafin jikinsu ya daidaita. Da aka gyara wannan, a 1993 ba a rasa ko ɗaya daga cikin irinsu ba. Ma'aikatan asibitin ba mugaye ba ne, ba kuma jahilai ba. Ɗakinsu yana yoyo ne a inda ba su taɓa ɗaga kai sun duba ba.

Sai dai akwai bambanci tsakanin awon hatsi da awon mutum. Hatsi bai san ana auna shi ba. Likita kuwa ya sani, ya san abin da ake ƙirgawa, ya kuma san abin da ba a ƙirgawa. A ɗauka an kawo masa dattijo ɗan shekara tamanin, ƙodarsa ta yi rauni, zuciyarsa ta taɓa bugawa sau biyu. In an yi masa aiki yana iya tashi, yana iya cikawa a kan gado. In ba a yi ba, kwanansa ƙidayayyu ne. Idan ya mutu a hannun likitan, mutuwarsa za ta hau jadawali a gefen sunan likitan, jarida ta buga. Idan aka ce da iyalinsa aikin ya fi ƙarfin jikinsa, suka koma da shi gida ya cika a can, babu jadawalin da zai ɗauki wannan mutuwa. Doka ba ta umarci kowa da ya kori dattijon ba, amma ta sa korarsa ta fi karɓarsa sauƙi.

Bincike ya nuna wannan fargaba ba ta banza ba ce. A maƙwabciyar jihar, wato Fensilbaniya, wadda ita ma take buga irin wannan rahoto, Eric Schneider da Arnold Epstein sun tambayi likitoci, suka buga sakamakon a 1996: kashi 63 cikin 100 na masu tiyatar zuciya sun ce ƙwarin guiwarsu na yi wa masu ciwo mai tsanani aiki ya ragu, kashi 59 na likitocin zuciya kuma sun ce samun mai karɓar irin waɗannan majinyata ya ƙara wuya. A 2005 Rachel Werner da abokan aikinta suka nuna cewa bayan fara buga rahoton Niyok, tazarar da ke tsakanin farare da baƙaƙen fata wajen samun wannan tiyata ta ƙara faɗi. Ita ma takardar cika bayanai ba ta tsira ba. Tun da nauyin ciwo yana sassauta wa likita hukunci, sai cututtukan da ake rubutawa a fom, irin su daɗaɗɗen ciwon huhu, suka ƙaru cikin 'yan shekaru fiye da yadda jikin jama'a zai iya sauyawa, har ma'aikatar ta ƙara tsananta binciken takardu.

Abin mamaki, majinyatan da aka yi dokar dominsu ba su cika leƙa rahoton ba. Wani binciken da Schneider da Epstein suka buga a 1998 ya gano kashi 12 cikin 100 ne kacal na waɗanda aka yi wa tiyatar suka san da shi kafin a yi masu aiki. Ko tsohon shugaban ƙasa Bill Clinton, da ya buƙaci wannan tiyata a 2004, an yi masa ita ne a asibitin da alƙaluman jihar na lokacin suka nuna mace-macensa sun zarce matsakaici. Mai ciwon ƙirji likitansa yake tambaya, ba jadawali ba. Ke nan, ƙarfin rahoton yana ga kunyar da yake jefa masu sana'a a gaban juna.

Wannan lamari bai tsaya ga manyan ɗakunan tiyata ba. Dokar gyaran harkar lafiya ta jihar Minesota ta 2008 ta haɗa har da ƙananan asibitocin da ake zuwa a ga likita a koma gida. A ma'aunin ciwon suga, sai majinyaci ya cika sharuɗɗa biyar gaba ɗaya ake lissafa shi cikin waɗanda aka kula da su yadda ya kamata: sugansa ya sauka, jininsa ya daidaita, yana shan maganin rage kitsen jini, ba ya shan taba, yana kuma shan asfirin idan jijiyoyinsa na buƙata. Wanda ya cika huɗu, a takarda daidai yake da wanda bai cika ko ɗaya ba. Asibitin unguwar talakawa da baƙi, inda majinyaci ke zaɓi tsakanin kuɗin magani da kuɗin haya, yana iya yin aikin da ya fi na kowa wahala, ya kuma fito a ƙasan jeri.

Duk da haka, komawa zamanin da aka yi wa Codman tawaye ba mafita ba ce, domin duhun wancan lokaci ma ya ci rayuka, ba a dai ƙirga su ba ne. Abin da tarihin Niyok ya koyar shi ne, hukumar da ta kafa mudu ta ɗauki nauyin abin da mudun zai sa mutane su aikata. Wajibi ne ta binciki takardun da ake kawo mata, ta sanya talauci da harshe cikin lissafi, ta kuma bi sawun majinyacin da aka duba aka ce ya koma gida. Muddin ba a rubuta sunansa a wani littafi ba, duk adadin da aka buga na waɗanda aka yarda a taɓa ne kawai.