Fim Ɗin Da Muka Yi Wa Aji Uku Alkawari

A watan Satumba na 2019 muna Grenoble ta ƙasar Faransa, inda muka je ƙaro ilmin koyar da Faransanci. Kafin mu tashi daga gida, shugaban makaranta ya danƙa mana kyamarar bidiyo ta makaranta, ita kaɗai ke gare mu a lokacin, ya kuwa yi ta jaddada mana farashinta. 'Yan aji uku su ma suka sa mu yin alkawari cewa za mu kawo masu abin da ba su taɓa gani ba.

Ran wata Asabar mai masaukinmu ya kai mu Saint-Hilaire, ƙauye ne a bisa duwatsun Chartreuse. Tun 1974 ake yin bikin Coupe Icare a can, na masu tashi sama ba da inji ba. An samo sunan daga Ikarus na tatsuniyar Helenawa, yaron nan da ya matsa kusa da rana har kakin fukafukansa ya narke. Mun hau dutsen ne cikin wani ƙaramin jirgin ƙasa da ake ja da igiyar ƙarfe, wanda aka gina a 1924. Ambaliya ta lalata hanyarsa a Disamba 2021, wato muna cikin waɗanda suka yi sa'ar shiga.

Abin da suke tashi da shi, su suna ce da shi delta. Fiffike ne na yadi mai kusurwa uku a kan sandunan alminiyam, faɗinsa kamar mita 10. Mutum yakan rataye a ƙarƙashinsa rub da ciki, ya riƙe sanda. In ya jawo ta sai ya ƙara gudu, in ya tura ta sai gudu ya ragu, in kuma ya karkata jikinsa sai fiffike ya juya. Asalinsa daga aikin wani injiniyan Amurka ne, Francis Rogallo, da matarsa Gertrude, a 1948. Daga bakin dutsen zuwa filin sauka a Lumbin ya kai zurfin mita 700. Ranar kuwa gasar shiga ce, kowa ya yi ado iri-iri yana tashi, alƙalai suna duba wa ya fi.

Mu da muke koyar da yara su natsu kafin su fara aiki, sai ga mu muna ɗauka kamar an kore mu. Muka saita kyamara wajen rana, duk abin da ya fito baƙi ƙirin. Muka jawo hoto kusa, hannu na rawa, fiffike ya shiga ya fita. Da muka mayar da shi nesa, mutum ya zama kamar ƙuda a jikin farin bango. Kafin azahar rabin batir ya tafi, ba mu da minti ɗaya na kirki. Daga nan muka ƙetare igiyar da aka ja don mu samu wuri mai kyau. Wata mata mai rigar ma'aikata ta daka mana tsawa da Faransancin da ba ya cikin littafin aji uku. Ashe a kan hanyar gudun mai tashi muka tsaya. Muka koma da kunya.

Wani dattijo mai ɗaukar fim da ke gefe ya ji tausayinmu. Ya ce, “Malam, ka daina bin sama. Sa rana a bayanka, ka jingina gwiwar hannu a kan shinge, ka ɗauki mutum tun yana ƙasa.” Ya nuna mana yadda kowane matuƙi yake kwantawa a cikin kayan ratayarsa kafin ya tashi, wani ya duba ko ƙugiya ta shiga. Ya tuna mana da abin da ya faru a Suwizalan a 2018, inda aka manta ba a maƙala wani fasinja ba, ya riƙe da hannu fiye da minti biyu kafin su sauka, ya tsira da karaya a wuyan hannu. Kyamarar da ke jikin fiffiken ta ɗauki kome da kome.

Haka muka yi. Muka zaɓi matuƙi guda, muka ɗauke shi yana duba ƙugiya, yana kallon ƙyallen da ke nuna inda iska ta dosa. Ya jira, ya jira, har muka fara duba batir. Sai ya yi taku huɗu ko biyar, ƙasa ta ƙare masa. Zuciyarmu ta yanke, gaskiya, har muka ambaci sunan Ubangiji da ƙarfi, kuma muryar ta shiga fim. Bai faɗi ba. Can gaba ya samu iska mai ɗumi da ke tashi daga kwari, ya soma kewayawa yana hawa, daidai yadda ungulu take yi a bisa kasuwarmu da tsakar rana ba tare da ta kaɗa fiffike ba.

Minti shida muka kawo gida, kyamara kuma lafiya lau. Aka nuna a ɗakin taro ran Jumma'a da yamma, da janareta. Da aka zo wurin ihunmu sai duk ɗaki ya fashe da dariya, har shugaba. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta tambaya, to in iskar mai ɗumi ta ƙare fa? Muka ce sai ya gangaro sannu a hankali ya sauka a Lumbin. Ta ce ba ta ga saukar ba. Muka ce batir ya mutu tun yana sama.